Ɗaki Biyu da Falo a Bayan Gida

An haihu! Auta ta haihu! Mace ce!

Litinin, da hantsi

Na san rana ake fara rubutawa kafin magana, haka malamin ajin yamma ya koya mana, amma yau ya yi haƙuri. Jikokina na wurin 'ya'yana maza duk suna nesa, a waya nake ganinsu, sai sun girma nake jin labari. Wannan kuwa a garin nan take, mota ɗaya ce tsakaninmu.

Ta zo kafin lokacinta, don haka an sa ta a kwalba. Ta gilashi na leƙa ta. Tsawonta duka bai kai daga gwiwar hannuna zuwa yatsa ba, amma sai harbin iska take. Na ce wa nas ɗin, "Wannan direba ce irin kakanta, dubi yadda take taka birki." Ta yi dariya ta kore ni. Na sa mata 'Yar Kwalba kafin uban ya zaɓo nasa.

Auta ba a bari na gan ta ba, an ce tana hutawa. Mijinta, Mai Wuta, mai gyaran lantarki, yana zaune a benci ya rungume takalmanta a leda. Murna ta sa na manta da surukuta, na dafa shi na ce, "Angon ƙarni, saki fuska mana." Ya yi murmushi don kada ya ba ni kunya.

Abin alheri biyu a sati ɗaya. Jiya mai fenti ya gama ɗaki biyu da falon da na gina a bayan gida da kuɗin sallamata. Shekarun da na yi ina jan motar kamfani, ga su nan sun zama bulo da kwano. Gidan hayata na farko ke nan. Tsohuwa, matata, tun safe take kirana Mai Gidaje, alhali ƙofa ɗaya ce. Saura mitar wuta da allon haya.

Litinin, bayan la'asar

An ce ana neman jini. Mai Wuta ya bayar. Ni an ce na tsufa.

Talata, da safe

An sake shiga da Auta ɗakin tiyata.

Talata, da azahar

Famfon banɗakin haya yana ɗiga. Na ɗaure shi da roba.

Laraba, da yamma

Tsakar gida cike da takalma. Na miƙa hannu har kafaɗata ta sage. Kowa abu ɗaya yake faɗa, ni ma abu ɗaya nake amsawa.

Wuri bai isa ba, sai aka buɗe falon haya aka shimfiɗa wa maza. Su ne suka fara zama a cikinsa. Wani ya jingina da bango, fenti ya kama masa riga. Ya ba ni haƙuri a kan bangon, bayan ya ba ni haƙuri a kan ɗayan.

Alhamis, da hantsi

Ledar takalman tana bayan ƙofarmu. Ban san wanda ya kawo ta ba. Tsohuwa idan tana shara zagaye ta take yi.

Juma'a, da safe

Famfon yana ɗiga.

Asabar, da azahar

Na je asibiti. 'Yar Kwalba tana nan, da roba a hanci. Ba ta san komai ba.

A baranda na tarar da yayar Mai Wuta, wadda ta zo daga garinsu. Mace ce mai hankali, ita ta riƙe shi tun bayan iyayensu. Ta gaishe ni da ladabi, sannan ta ce, "Baba, gara ka ji daga bakina. Da an sallami yarinyar zan tafi da ita wurina. Shi ma zai biyo mu, maigidana ya samo masa aiki. Ɗakin nan nasu ya kasa shigarsa, tun ranar a shago yake kwana, a kan benci. Namiji mai hawa tsani tun safe har magariba, wa zai bar wa jaririya?"

Na ce to. Ba ta faɗi ƙarya ko ɗaya ba.

Garin nasu yini guda ne cur a mota. Na san hanyar, na sha bin ta da kaya lokacin da bayana yake da ƙwari. Yanzu ko zuwa kasuwa sai na huta.

Nas ta ce ba za a sallame ta ba sai ta ƙara nauyi ta iya shan madara da bakinta. Na tsaya a gaban gilashin na roƙa mata lafiya. Sauran ban roƙa ba.

Lahadi, da yamma

Tsohuwa ta yi magana mai tsawo yau, karo na farko.

"Mai Gidaje, ga ɗaki biyu a kulle, ga yaro yana kwana a benci. Sai an zana maka a allo? Ni in yi raino da rana, shi ya dawo da yamma ya tarar da 'yarsa. Ko bayana ya mance goyo ne?"

Na ce gobe zan kai masa makulli.

Litinin, bayan azahar

Na kai.

A barandar asibitin na same su, shi da yayarsa da mijinta da abokan aikinsa biyu. Ban jira komai ba, na ciro makullin na ce, "Ga shi. Kyauta. Ko sisi ba na so. Ka zauna har ranar da ka ga dama."

Yayar ce ta fara amsawa. "Baba, mun gode ƙwarai. Amma ɗan'uwana bai rasa wurin kwana ba. Mu ma Allah ya rufa mana asiri daidai gwargwado."

Shi kuwa ya mayar da hannuwansa baya. Kansa a ƙasa ya ce, "Baba, Allah ya saka da alheri. Kun ba ni 'ya, ban iya riƙe muku ita ba. Ba zan kuma karɓi gida ba."

Makullin ya daɗe a iska. Na mayar da shi aljihu.

Da na faɗa wa Tsohuwa sai ta ce, "A gaban mutane? Kai da ka tsufa a kan sitiyari, ba ka san a kwana ake rage gudu ba?" Ta shiga ɗaki. Abincina yana rufe a inda ta saba ajiyewa.

Talata, da hantsi

Na rubuta allon da kaina: AKWAI HAYA. Harafin K ɗin ya karkace. Da can akwai mai duba min rubutu idan na dawo daga aji, ta ce, "Baba, wannan K ce ko kaza ce ta faɗi?" Na rataye shi a haka.

Laraba, da la'asar

Dillali ya zo. Waya biyu gare shi, baki kuma kamar rediyo. Ya zagaya ɗakunan ya yanka kuɗin shekara, ya ce tunda sabon shiga ne ni, zai ba ni karatu kyauta.

"Baba, kada ka ba ɗan'uwa haya. Ba ka iya tambayarsa, ba ka iya tashinsa, ƙarshe ku daina gaisawa. Kuma kada ka karɓi komai hannu da hannu, a bi ta kaina, ni ne mai baƙin jinin, aikina ke nan."

Na ce to.

Alhamis, da azahar

'Yar Kwalba ta ƙara nauyi.

Juma'a, da yamma

Dillali ya kawo mutum uku. Na farko yana da babur, na ce ba na son ƙara. Na biyu ba shi da babur, na ce da me zai je aiki. Na uku malamin makaranta ne da matarsa, masu fara'a, suna ta yaba fenti da iska. Ban sami aibin da zan kama ba, sai na ce zan yi tunani.

Bayan sun tafi Dillali ya buga cinya. "Haba Baba! Gida kake bayarwa haya, ko miji kake zaɓa wa 'ya?"

Sai ya tuna. Ya cire hula ya mayar. Wayarsa ɗaya tana ta kuka a aljihu.

Can ya ce, a hankali, "Malamin nan ma ba kamawa zai yi ba, kada ka damu. Wanda ya shigo yana 'kai, gida ya yi kyau', kallo ya zo yi. Mai kama gida da gaske kushewa yake. Ya murɗa famfo, ya bugi bango, ya ce taga ta yi ƙanƙanta. Yana kushewa ne don ya riga ya ga kansa a ciki."

Na ce to.

Asabar, da safe

Na sayo sabon kan famfo. Ban saka ba.

Lahadi, da hantsi

Mai Wuta ya kawo akwatunanta da keken ɗinkinta a motar kaya. Ya ce ya saki ɗakin nasu. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Tsohuwa ta nuna inda za a ajiye ba tare da ta kalli kayan ba.

Da zai tafi ya ce, "Baba, mitar bayan gida tana wuyana. Ni na ja wayar, ni zan ƙarasa kafin mu tafi."

Kafin mu tafi.

Litinin, da azahar

An cire mata robar hanci. Kowa ya ce barka. Na ce barka.

Talata, da yamma

Ban fita ba.

Laraba, bayan la'asar

Bari in rubuta wannan daki-daki, don kaina bai gama ɗauka ba.

Ya zo da jakar aikinsa da tsani. Ya ɗaura mitar, ni ina riƙe masa tsanin. Ya shiga ciki gwada soket. Ina falo sai na ji muryarsa daga ɗakin ciki.

"Baba, tagar nan ba raga. Sauro zai shigo."

Na ce za a sa.

Ya wuce banɗaki. "Famfon nan yana ɗiga."

"Robar ce ta saki."

"Ba roba ba ce, kan ne ya mutu."

Ya fito ya durƙusa ya bugi bango da bayan sukundireba. "Nan ƙasa yana jan sanyi. Mai fentin ya yi gaggawa." Ya je bakin ƙofa ya taka dokin ƙofar, ya sauka, ya sake takawa. "Wannan ya yi tudu. Mai ɗauke da... mai ɗauke da kaya zai iya tuntuɓe."

Raina ya fara ɓaci. Na ji shi sarai yana tasowa, har na yi mamaki, don na kwana biyu ban ji komai yana tasowa ba. Gidan da na ba ka ka ƙi, shi ne za ka tsaya kana tona masa asiri? Na buɗe baki zan faɗa, sai na ga inda yake kallo. Kusurwar ɗakin ciki yake aunawa da ido, wurin da rana take sauka da safe, daidai faɗin ƙaramin gado.

Na rufe bakin. Na gyara tsayuwa, na haɗa hannuwa a baya irin na masu gida.

Na ce, "Malam, idan gidan bai yi maka ba, ga hanya. Mutane layi suke yi."

Bai ɗago ba. "Nawa ne shekara?"

Na faɗi abin da Dillali ya yanka. Ban rage ko sisi ba.

"Ya yi tsada. Layin ba kwalta."

"Da kwalta ake kwana?"

"Ruwa fa?"

"Yana zuwa idan ya ga dama, kamar na kowa."

"A rage wani abu, tunda sai an yi gyara."

"Gyara nawa ne, kuɗi naka ne. Kuma ina da sharaɗi. Ba na son hayaniya, ba na son a buga min ƙusa a bango barkatai. Sana'ar me kake yi?"

"Gyaran wuta."

"To kada in ga an ja min waya ta bayan mita, na san halinku."

Gefen bakinsa ya motsa.

Na ce, "Kana da iyali?"

Na yi da-na-sanin tambayar, amma mai gida dole ya tambaya.

"Yarinya ɗaya."

"Tana kuka?"

"Ba ta fara sosai ba tukuna."

"To. Za a duba."

Ya naɗe wayoyinsa ya ce zai yi shawara. Na ce ya bi ta hannun Dillali, ni ba na karɓar komai hannu da hannu. A bakin ƙofar gida ya russuna ya ce, "Baba, sai an jima," kamar wani ne daban ya fito daga ɗakin.

Tsohuwa ashe tana tagar kicin. "Ka ce masa mutane layi suke yi? Wane layi? Ka ƙi rage masa? Kashe ni za ka yi, bawan Allah?"

Na ce kyauta ya ƙi.

"Idan ya gudu, kai da allonka ku nemi wurin kwana."

Alhamis, da hantsi

Na sa kan famfon. Kafinta ya buga raga. Dokin ƙofar ni na fasa shi da guduma, na shafe da siminti.

Juma'a, da yamma

Shiru.

Asabar, da yamma

Shiru. Simintin ya bushe.

Lahadi, da la'asar

Dillali ya kawo wani ma'aikacin banki. Ya kushe fenti, ya kushe rufi, ya kushe har bishiyar maƙwabci, sannan ya ce gobe yake son makulli. Dillali yana ta ƙifta min ido kamar ƙwaro ya faɗa masa.

Na ce a dakata.

"Baba, irin wannan sau ɗaya yake zuwa. Wa kake jira?"

Na tambaye shi ko wani ya neme shi a kan gidan cikin satin nan. Ya ce babu.

Na ce duk da haka a dakata. Ya hau babur yana magana shi kaɗai.

Litinin, da azahar

Tana shan madara da bakinta. Laraba za a sallame ta.

Talata, da hantsi

Yayar ta zo sallama. Ta riga ta kama musu kujeru a mota. Ta zauna da Tsohuwa a ɗaki, na ji su ta labule, ba magana suke ba.

Da ta fito ta ce, "Baba, kada ka ɗauke ni mai ƙwace. Tsoro nake ji. Yaron nan ba ya magana, ba ya ci. Idan na bar shi shi kaɗai ban san abin da zan dawo in tarar ba."

Na ce, "Bango ɗaya ne tsakaninmu da bayan gida. Ko tari aka yi a can ina ji."

"Ai ya ƙi."

"Kyauta ya ƙi."

Ta dube ni. Ta dubi allon da ke rataye. Ta ce ko za ta iya leƙa ɗakunan. Na buɗe mata na tsaya a waje. Ba ta daɗe ba. Abin da ta tambaya kawai shi ne ko kicin ɗin yana da ƙofar da ta fita tsakar gidanmu. Na ce yana da ita. Ta ce Allah ya sa albarka, ta tafi.

Ban san me hakan yake nufi ba.

Laraba, da safe

Tsohuwa ta tafi asibiti da kayan jarirai da ta wanke ta goge. Ta ce in zo mu je in yi sallama. Na ce ƙafata. Ta san ba ƙafa ba ce.

Ina zaune a ƙofar gida.

Laraba, da azahar

Ina zaune.

Laraba, bayan la'asar

Dillali ya tsaya da babur. Bai gaishe ni ba, ya miƙa hannu ya sauke allon.

"An kama."

Na ce, "Wa ya kama?"

"Wani mai gyaran wuta. Baba, mutumin nan ya sha min rai. Ya karanta yarjejeniya layi-layi, ya sa na ƙara cewa gyaran rufi naka ne, har la'adata sai da ya nemi ragi. Amma ya biya cif." Ya tsaya ya kalle ni. "Kamar na san fuskarsa. Ba ɗan'uwanka ba ne dai ko?"

Na ce, "Ɗan haya ne."

"To madalla. Kawo makulli in kai masa, yana bakin asibiti da tasi yana jira."

Na ciro shi daga aljihu na miƙa masa.

Alhamis, da hantsi

Jiya da suka iso ban fita ba. Mai gida ba ya tsayawa a kan ɗan haya yana sauke kaya. Ta taga na ga yayar ta shiga da jakarta, an ce za ta yi musu sati biyu kafin ta koma. Tsohuwa kuwa ko kunya babu, ta kicin ta bi.

Da safe aka ƙwanƙwasa. Na buɗe, ga shi tsaye da kayan aiki a kafaɗa ɗaya, ɗaya hannun da ƙunshin zane.

"Mai gida, ƙofar banɗaki tana cijewa."

"Za a duba."

"Yau?"

"Ka cika ƙorafi, Malam."

"Riƙe min wannan in ɗaure takalmi."

Takalmin nasa silifa ne. Ya ɗora min ita a hannu, ya juya ya fita aiki, bai waiwayo ba.

Ba ta da nauyi ko kaɗan, amma sai da na zauna. Barci take, ta ɗora hannu ɗaya a kunne kamar mai amsa waya. Haka uwarta take barci tun tana zanen goyo, har ta girma ana yi mata tsiya da shi. Ba wanda ya koya wa wannan. Ba su taɓa haɗuwa ba.

Auta ta rasu. Yau na rubuta.

Na yi kuka har na tashe ta, ita ma ta kama, kuma ashe tana da murya, wanda ya ce ba ta fara ba ƙarya ya yi min don a ba shi gida. Tsohuwa ta fito da ludayi a hannu tana cewa wane ne jaririn a cikinmu.

Jama'a, ku zo ku gani. Maƙwabta na gaba da na baya, direbobin da muka tsufa tare, 'ya'yana da ke nesa, ku bar waya ku hau mota. Ku zo ku ga hannun nan a kan kunne. Tana nan bayan gida, ƙofa mai shuɗin fenti. Ku wanke hannu, kada ku zo da mura. Kuma ku ƙwanƙwasa tukuna, gidan mutane ne.